Bututun Ɗan Sanyi

Rufin kwano ne ya cuce ni. Ko da yake in za a bi gaskiya bakina ne, don kwanon bai ce wa kowa komai ba.

Shekara goma sha tara ina noman albasa a bakin rafi. Da mahaifinmu ya rasu aka raba gonarsa biyu. Ni babba na ɗauki ta ƙasa, wadda ƙafarta ke cikin ruwa, ƙanena ya ɗauki ta tudu da ke bayan tawa, inda in damina ta ɗauke ko akuya ba ta ɓata lokacinta. Ba wanda ya ce an yi masa rashin adalci, shi ma bai ce ba. Da ma can ba ya cewa komai. Tun yana ƙarami ake kiransa Ɗan Sanyi, saboda in ka yi masa tambaya sai ka gyara zama, ka kaɗe rigarka, kafin amsa ta fito. Ni kuwa Mai Jigo ake ce mini, kuma ina jin daɗin sunan. Jigona doguwar sanda ce a kan gwafa, guga a baki ɗaya, dunƙulen laka a ɗaya bakin. Ka ja gugan ƙasa ya nutse, nauyin lakar ya ɗago maka shi cike, ka juye a hanyar ruwa ya gangara cikin fangali, wato ɗan filin albasa da aka kewaye da kunya. Kafin rana ta yi zafi nakan juye guga ɗari huɗu. Duk bakin rafin nan babu mai kafaɗar da za ta yi haka, kuma babu albasar da ke riga tawa shiga kasuwa.

A shekarar da nake ba da labari albasa ta yi daraja, na sauke jinkar ɗakunana na buga kwano sabo fil. In rana ta haska shi har daga titi ana hango walƙiyarsa. Ɗan Sanyi kuwa yana nan da tsohuwar jinkarsa mai huda, in an yi ruwa matarsa na jera kwanuka a tsakar ɗaki. Na sha tsokanarsa a gaban mutane, in ce ƙanena ne kaɗai ke kwana a ɗaki yana ƙirga taurari. Sai ya yi murmushi ya sunkuyar da kai.

Bayan wata uku aka fara raɗe-raɗin cewa wata ƙungiya za ta ba ƙananan manoma tallafin kuɗi, kai tsaye cikin waya. Ba taki ba, ba iri ba, kuɗi tsaba, mutum ya yi abin da ya ga dama da su. Aka ce masu rajista za su bi gida-gida. Ranar da aka ce za su zo na sa aka share tsakar gida sau biyu, na fito da rediyo na ɗora a kan tebur a inda ido zai fara sauka, na sa rigata mai kyau. Maiɗakina ta tsaya da tsintsiya a hannu tana kallona.

"Baban yara, ni fa na ji ana cewa masu ƙaramin ƙarfi suke nema."

"Ke dai yi shararki," na ce mata. "Wanda zai fitar da kuɗinsa ya ba manomi, ai wanda ya iya juya su zai nema. Su ga gida, su ga mutum."

Suka zo su biyu, mace mai tabarau da wani saurayi riƙe da waya babba. Matar ta ɗaga kai ta kalli rufin kafin ma ta kalle ni.

"Baba, yaushe aka yi wannan rufin?"

"Wata uku ke nan. Da gumina, albasa ce ta yi shi."

"Sau nawa ake ɗora tukunya a gidan nan a rana?"

"Sau uku," na ce, har da bugun ƙirji. "In baƙo ya zo, huɗu."

Maiɗakina ta yi tari daga bakin madafa, ban kula ta ba. Na nuna musu awakina, na nuna musu buhunan da suka rage a ɗakin ajiya. Matar ta ce madalla, Allah ya ƙara buɗi, suka fita ko ruwan da aka kawo musu ba su gama sha ba. A gidan Ɗan Sanyi kuwa sai da suka kusa awa guda. Ta katanga na hango saurayin ya hau turmi yana ɗaukar hoton hudar jinkar. Na yi dariya har da riƙe ciki, na ce yau asirin ƙanena ya tonu.

Mako uku bayan nan, da hantsi, muna bakin rafi, wayoyi suka fara ƙara ɗaya bayan ɗaya. Masu lambu suka ajiye fartanya suna laluben aljihu. Tawa ma ta yi ƙara. Na goge hannu a wando, na ciro ta a hankali don kowa ya gani, sai na tarar kamfanin waya ne ke tallan waƙoƙi. Daga baya na ji yadda aka yi zaɓen: duk gidan da ke da rufin kwano an tsallake shi. A layinmu gida biyu kawai aka tsallake, nawa da na mai shagon magani.

Ba zan ɓoye ba, abin ya ci mini rai. Wuni guda ban taɓa abinci ba. Da yamma na fita majalisa na fara wa'azi. Na ce kuɗin da ba a yi gumi ba ba sa kwana, ku zuba ido ku gani. Na ce Ɗan Sanyi katifa zai saya, don barci ne sana'arsa. Kuma har cikin raina haka nake fata. Da ya sayi katifar da ni zan fara zuwa yi masa murna.

Bai sayi katifa ba, bai ma gyara jinkar ba. Ranar kasuwa ya tafi gari ya dawo a bayan babur mai ƙafa uku, da injin ban ruwa ɗan ƙarami, da farantan sola biyu, da bututai shuɗɗa an ɗaure su da igiya suna jan ƙasa. Ba shi kaɗai ba, wasu mutum biyar a bakin rafin suka sayi inji a makon. Amma sauran ba ƙannena ba ne, don haka nasu bai dame ni ba.

Washegari ina kan jigo Ɗan Sanyi ya sauko daga tudu. Mai Sari na nan, matar da ta shekara goma tana sayen albasata tun tana ƙasa, ta zo duba yayyafin bana. Akwai kuma masu lambu biyu zaune a gindin bishiya.

"Yaya, sannu da aiki."

"Yauwa, attajiri. An tashi lafiya?"

Ya sosa ƙeya. Na ci gaba da jan guga.

"Da ma maganar bututun ce," ya ce. "In ya taso daga rafi ya bi ta tsakiyar gonarka, tsaye zai hau tudu. Zan binne shi da zurfi. Ba zai taɓa maka ko saiwa ɗaya ba."

Abin da ya roƙa ba wani abu ba ne, ni ma na sani. Rami ne mai faɗin tafin hannu biyu, a kan kunyar da nake takawa kullum. Amma na dubi bututan nan sababbi a kafaɗarsa, na dubi gugana mai faci uku, na ga Mai Sari ita ma bututan take kallo, sai zuciya ta ɗebe ni.

"Da suka ba ka kuɗin, sun haɗa maka da gonata ne?"

"A'a, Yaya."

"To ka ji da kyau, ga shaidu. Ruwan injinka, ko ɗigo, ban yarda ya taɓa ƙasata ba, ta sama ko ta ƙasa. Wanda ya ba ka inji ya ba ka hanya."

Mai Sari ta ce, "Haba Mai Jigo, ɗan uwanka ne fa." Na ce mata albasa ta zo saye ko sulhu. Ɗan Sanyi ya tsaya kamar zai ƙara magana, sai kawai ya ce to, ya gyara bututan a kafaɗa ya juya.

Hanya ɗaya ta rage masa, ya zagaya ta bayan shingena, ya bi gefen hanyar shanu, sannan ya karkato ya hau tudu. Nisan ya ninka. Ya sake komawa gari ya ƙaro bututu, shi da matarsa suka kwana shida suna haƙa a ƙasa mai tauri, shi da diga, ita da shebur. Ina kan jigo ina kallonsu ta wutsiyar ido. Kowace safiya in ce wa kaina ruwa ba zai hau wannan tudun ba, inji ɗan mitsitsi haka. Har na tanadi maganar da zan faɗa masa in ya kasa.

Rana ta bakwai ya kafa farantan suna fuskantar rana, ya jefa tiyo a rafi, ya danna wani abu. Ba a ji komai ba. Na fara murmushi. Can sai na ji matarsa na dariya a saman tudu, na ɗaga kai, na ga ruwa na fita daga bakin bututu da kaurin damtsena, yana malala a ƙasar da tun ina yaro ban taɓa ganinta jiƙe da rani ba. Injin ko ƙara ba ya yi, balle mutum ya samu abin ƙorafi. Ni ina nan ina nishi da guga, shi yana tsaye hannu a baya kamar mai duba makaranta.

Ya aiko matarsa ta tambayi ko ina da ragowar irin dashe. Ina da shi, har ya yi mini yawa. Na ce babu, da ta tafi na tuge ragowar na watsa wa awaki. Ya je wani wuri ya sayo.

Cikin wata guda tudun nan ya zama kore shar. Ƙasar da ta shekara da shekaru tana hutawa ta karɓi albasa kamar da ma jira take. Lawashinsa ya miƙe ya yi kauri, ya yi duhun kore. Nawa ma ba laifi, fangali arba'in na dasa kamar kullum, amma idona ya daina ganin nawa. Da na iso gona sama nake fara kallo. Ina ƙyashinsa, ƙyashi irin wanda ke sa mutum ya ji ɗaci a baki tun da safe. Ina ƙyashin injin, ina ƙyashin yadda yake gama ban ruwa kafin in juye guga ɗari ya zauna yana cire ciyawa a natse, ina ƙyashin yadda matarsa ta fara yin ƙiba. Mai Sari, wadda da in ta sauka daga mota gonata take fara takawa, yanzu sai ta ɗaga mini hannu daga hanya ta ce, "Bari in leƙa sama in dawo." Wani lokacin ta dawo, wani lokacin in hango ta ta bi ta hanyar shanu ta wuce.

Abin da ya fi ƙona mini rai, mutane suka fara zuwa neman shawara wurinsa. Wurin Ɗan Sanyi, wanda ni na koya masa bambancin albasar da ke jin ƙishi da wadda ruwa ya yi wa yawa. Aka zo aka gaya mini wai duk wanda ya yaba masa sai ya ce, "Ai Yayana ne ya koya mini." Mai kawo labarin ya ɗauka zan ji daɗi. Na ce masa ya tashi ya ba ni wuri.

Da rani ya yi nisa ruwan rafi ya fara ja da baya. Kowace shekara yana ja, amma yakan bar mini abin da gugana zai nutse. Bana ya wuce nan, ya tattara ya koma wani gurbi mai zurfi can tsakiya, taku sittin daga gindin jigona. Na ce injinan nan shida ne suka shanye shi, kuma har yau ina ganin akwai gaskiya a maganata. Amma gaskiyar ba ta jiƙa fangali ko ɗaya ba. Masu inji suka ƙara tsawon tiyo suka bi ruwan inda ya tafi. Jigo kuwa a kafe yake, ba ya bin kowa. Na haƙa ɗan kwari a cikin yashi don in janyo ruwan zuwa gindinsa, kullum in dawo in tarar ya rufta. Ranar da gugana ya daki yashi ya ɗago rabi laka, na san an zo wurin.

Kuma lokacin ne albasa ta fara sa kai. Duk manomin albasa ya san wannan makonnin, in ta sha ƙishi a cikinsu, ko daga baya ka juye mata kogi ba za ta yi girma ba. Fangali arba'in ɗin nan su ne abincin gidana na shekara, su ne kuma sunana a bakin rafin.

Na koma ɗiba da bokiti biyu. Taku sittin cikin yashi zuwa gurbi, taku sittin dawowa, sannan hawan gaɓa. Ƙarfina gaba ɗaya bai wuce fangali goma sha biyar a wuni ba. Mai hankali zai zaɓi mafi kyau goma sha biyar ya riƙe su, ya haƙura da sauran. Ni na san haka, na sha faɗa wa wasu. Amma sai na riƙa shayar da na gefen hanya da na bakin shingen sama, waɗanda ake hangowa daga tudu, duk da cewa su ne mafi rauni kuma mafi nisa da ruwa. Na tsakiya, masu manyan kai, na bar su a baya, ina cewa gobe. Ba na son Ɗan Sanyi ya leƙo ya ga rawaya a gonata.

Ya gani duk da haka. Daga sama ai tsakiyar ake fi gani, ni ne ban yi wannan tunanin ba. Wata safiya na hauro gaɓa da bokitai, bayana kamar an soka mini ƙusa, na same shi tsaye a wajen shinge. Bai shigo ba.

"Yaya, albasar tsakiyar nan..."

"Ta kawo maka ƙara ne?"

Ya dube ni, ya dubi bokitan, ya koma sama.

A gida maiɗakina tana shafa mini man zafi a baya, tana dannawa da ƙarfin da ya wuce na magani.

"Baban yara, ciki ɗaya kuka fito da mutumin nan. Ka buɗe baki ka ce masa ruwa, shi ke nan fa."

"Na yi magana a gaban shaidu."

"Shaidun za su ciyar da mu? Ko kwanon za mu sauke mu dafa?"

Na ce ta bar ni in ji da ciwon da ke damuna. Ta ce ciwon da ke damuna ba a baya yake ba, ta rufe kwalbar man ta fita.

Na yanke shawara zan sayar da awaki biyu da rediyo in nemi tsohon inji mai shan fetur, ko na haya ne, in dai ba na ƙanena ba. Ranar kasuwa na shiga gari, na tambayi shagon masu kayan ban ruwa, aka nuna mini wani ɗan lungu bayan tasha. Shago ne ƙunci, bututai jingine har rufi, tiyo a naɗe a ƙasa, warin roba da man inji. Mai shagon, wanda kowa ke kira Injiniya, yana zaune a kan jarka yana kwance wani inji. Na faɗi abin da nake nema. Ya ce tsofaffin duk an kwashe, na haya kuma sai bayan mako uku. Mako uku albasata ta zama tarihi.

Na juya zan fita ya ce, "Tsaya, Malam. Kai ba yayan Ɗan Sanyi ba ne? Mai Jigo?"

"Ni ne."

"Goshinku ɗaya. Zauna mana." Ya tura mini jarka da ƙafa. "Ka ga mutumin nan, sai da ya wuni a shagon nan ranar da ya zo sayen inji. Ya zana mini gonarku a ƙasa da tsinke, taka a ƙasa, tasa a sama."

Ya miƙa hannu ƙarƙashin kanta ya lalubo wani abu ya ajiye a gabana. Mahaɗar bututu ce mai baki uku, da kan famfo ja a jikinta.

"Wannan ya fara zaɓa, tun kafin injin. Ya ce a tsakiyar gonarka za a sa shi, inda bututun zai ratsa, ka riƙa buɗewa kana shayar da taka. Saboda haka ne ya ɗauki inji mai ƙarfin gona biyu, da wanda bai kai shi ba ma ya ishe shi. Bayan kwana biyu sai ga shi ya dawo da famfon, wai in karɓa in ba shi ƙarin bututu, hanya ta canza."

Na ce, "Bai gaya mini ba."

Injiniya ya yi dariya yana goge hannu da tsumma. "Na tambaye shi, na ce ka gaya wa yayan naka? Ya ce a'a, in ya ce kyauta ce ba za ka karɓa ba, ya san ka. Wai in an gama binnewa zai ce maka dole a riƙa buɗe famfon kullum da safe iska ta fita, in ba haka ba inji zai ƙone, ya roƙe ka ka taimaka masa da buɗewa. Na ce masa wannan ƙaryar ko yaro ba zai yarda ba. Ya ce Yaya zai yarda, in dai shi ne mai taimakon."

Ban san yadda na fito daga lungun ba. A mota aka yi ta hira a kaina ban ji ko kalma ɗaya ba. Kunya ta kama ni, wannan gaskiya ne, amma ba ita kaɗai ba. Haushi na ji. Wato duk shekarun nan da nake masa kallon sakarai, shi ya karance ni tsaf kamar yadda nake karanta albasa. Ya san inda nake jin ƙishi, ya san yadda za a ba ni ruwa ban sani ba.

Daga tasha ban biya gida ba, na wuce tudu. Rabona da taka gonarsa tun kafin ya dasa. Yana tsugune yana cire ciyawa, ya miƙe da sauri har fartanya ta faɗi.

"Yaya, lafiya?"

Na tsaya ina kallon farantan sola don kada in kalle shi. Na so in ce masa na je shagon Injiniya. Na so in ce ya yafe mini. Abin da ya fito daga bakina daban.

"Wannan zagayen da ka yi wa bututu aikin banza ne. Kana wahalar da inji. Gobe ka tono shi ka bi ta gonata, in ba so kake ya lalace ba."

Ya sunkuya ya ɗauki fartanyarsa, ya kaɗe mata ƙasa.

"To, Yaya," ya ce. "Na gode."

Washegari muka haƙa ramin tare, ni da shi, a kan kunyar tsakiya, tsakanin fangalin da suka riga suka kwanta. Albasarsa ta wuni ba ruwa ranar. Da hantsi ya ce zai je gari ya dawo, akwai abin da ya manta. Na ce ya je. Na san abin da ya manta.

Da la'asar ya dawo, ya tsuguna a tsakiyar gonata ya haɗa mahaɗar mai baki uku, jan kan famfon ya leƙo sama da ƙasa kaɗan. Mai Sari ta iso lokacin, ta tsaya a kan kunya tana kallo. Ya gama ɗaurewa, ya share gumi, ya sosa ƙeya.

"Yaya, sai dai zan ɗora maka wahala. Wannan dole a riƙa buɗe shi kullum da safe, iska ta fita. In ba haka ba injin zai ƙone. Ni kuma ina sama."

Ko idonsa bai ƙifta ba. Na dube shi, ƙanena mai jinka da huda, yana roƙona in taimaka masa in sha ruwansa.

"Kullum?" na ce, na haɗe rai. "Kai dai ba ka rabuwa da ɗora wa mutane aiki. To, na ji."

Ya hau tudu ya kunna injin. Na murɗa jan kan, ya yi tari sau biyu, ruwa ya ɓarke ya bi hanyar da gugana ya shekara goma sha tara yana bi. Fangali goma sha bakwai suka farfaɗo a cikin arba'in. Sauran ashirin da uku, masu manyan kan da na bari a tsakiya, ruwan ya ratsa su ya wuce, sun riga sun mutu.

Da ya sauko duba ko mahaɗar na yoyo, na ji yana gaya wa Mai Sari cewa ba don Yaya ya lura ba, da zagayen nan ya kashe masa inji. Ta juyo ta ce, "Ka kyauta, Mai Jigo. Babba dai babba ne."

Na ce mata ai ɗan uwa ne, ba yadda za a yi. Ina faɗa ina jin ɗacin nan ya dawo bakina, fiye da ranar da wayoyi suka yi ƙara, fiye da ranar da ruwa ya hau tudu. Inji dai na san shagon da ake sayar da shi, in albasa ta yi kyau baɗi zan iya shiga in ɗauko. Abin da na ga ƙanena ya yi a tsakiyar gonata, ko kuɗin tallafin duka aka juye mini a waya ban san ta inda zan fara ba. Ya tambaye ni ko ruwan na isa fangalin ƙarshe. Na ce masa yana isa, ya matsa daga kan kunya yana taka mini albasa.